Laifukan da Aka Rubuta wa Ishaya

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne ƙanena Ishaya. A cikinsu ban taɓa cewa komai a bainar jama'a ba. Abin da na saba duk shekara shi ne in je sujada da safe, in biya ta kabarinsa in cire ciyawa, sannan in jira ranar da matasa suke buga wasan ƙwallon kwando na tunawa da shi a wani fili da ke Samaru. Bana ne aka tashi cire sunansa daga kan wannan wasa, wai alƙaluma sun nuna bai cancanta ba. Shi ya sa nake wannan rubutu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mutanen fili ba su san shi da Ishaya ba, Katanga suke ce masa. A Jushi aka haife mu, a gidan haya mai ɗakuna a jere, maƙwabtanmu Ibo da Yarabawa da mutanen kudancin Kaduna. Mahaifinmu kafinta ne, shi ma Ishaya sana'ar da ya gada ke nan. In ya tashi daga aiki da la'asar, sai ya ɗaure takalmansa a bayan keke ya taka har Samaru, inda ƙungiyarsu take atisaye. Rabinsu 'yan Sabon Gari ne, rabi ɗaliban jami'a. Ba shi da tsayin da ake nema a wannan wasa. Faɗi gare shi, da kafaɗu irin na mai ɗaukar katako. Ni kuwa zoɓo da kunun aya nake sayarwa a bakin filin, kusa da teburin masu rubuta maki. Duk wasan da ya buga a gida, a gabana aka yi shi.

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, Ishaya bai iya jefa ƙwallo a kwando ba. In aka ba shi jifa shi kaɗai, babu mai tare shi, 'yan kallo sukan fara dariya tun bai saki ƙwallon ba, shi ma ya taya su. Aikinsa daban ne. Shi ke tsayawa a gaban mai tsaron abokinsa, ya toshe masa hanya har abokin ya sami sarari ya jefa. Shi ke kutsawa cikin dogaye ya ƙwato ƙwallon da ta ƙi shiga. Shi ke magana daga baya, yana gaya wa kowa inda zai tsaya, da Hausa da Turanci da buroka, duk wanda ya zo bakinsa. Wanda ya fi buɗe wa hanya shi ne Emeka, ɗan maƙwabcinmu, haifaffen Sabon Gari, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu. Emeka dogo ne, hannunsa kuma yana da daɗi. In ya saki ƙwallo, mutane sukan fara tafi tun tana sama.

Ciwon ƙoda ne ya ɗauke Ishaya, bayan ya daɗe yana jinya. Ya bar 'ya ɗaya, Rifkatu, tana da shekara bakwai. Mahaifiyarta ta koma wajen danginta, yarinyar ta tashi a hannuna. Da shekara ta zagayo, abokan wasansa suka zo har gida suka nemi izini su sa sunansa a kan wasan da za su riƙa yi duk shekara. Mahaifinmu yana da rai a lokacin, ya ce ya ba su.

Yanzu Rifkatu tana jami'a, ƙididdiga take karanta. Bara tsohon kocin su Ishaya ya rasu, matarsa ta ba yaran ƙungiyar wata jaka cike da takardun maki na wasannin da. Rifkatu ta karɓa, ta ƙarar da hutunta tana shigar da su kwamfuta. Ta ce so take ta yi mini kyauta ranar tunawa, ta nuna mini mahaifinta a lissafe. Wata Asabar da rana ina tsintar wake, ta zo ta zauna a gefen tabarma da kwamfutarta.

"Gwaggo, kin ce Baba gwani ne."

"Na ce."

"Takardun ba su ce haka ba."

Ta juyo mini fuskar kwamfutar. A layin maki, sunansa yana can ƙasa, har wasu da suka fi zama a benci sun fi shi. A layin laifi kuwa shi ne a sama, babu wanda ya kusance shi. Babu kuma wanda aka fi kora daga fili kafin a tashi wasa kamarsa. Ta riga ta yi wa 'yan ƙungiyar alkawarin za ta sa abin da ta samu a zaurensu na waya, kuma ita ba mai ɓoye abu ba ce don bai yi mata daɗi ba. Ta sa. Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba.

Daga ranar zauren ya rabu biyu. Tsofaffin 'yan kallo a gefe guda, jagoransu Malam Tanimu mai shayi, wanda yake rufe teburinsa a da duk ranar da ake wasa. Matasa a ɗaya gefen, jagoransu Mubarak, ɗan ajin Rifkatu kuma sakataren kwamitin wasan. Saƙonnin murya suke turawa, Rifkatu tana kunna mini.

"Baba Tanimu, da girmamawa," in ji Mubarak, "ido yana da son kai. Wanda kake so shi kake gani. Alƙaluma kuwa ba su san ɗan unguwa ba."

"Kai da aka haifa bayan an tashi wasa," in ji Malam Tanimu, "kai za ka gaya mana yadda aka buga? Gani ya kori ji, ɗana. Je ka tambayi kwamfutar taka ko ta taɓa shan gwiwar hannu a haƙarƙari."

Da a nan aka tsaya, da ban damu ba, musun ƙwallo abincin maza ne. Amma wani yaro ya rubuta cewa wannan ai ba katanga ba ne, mahauci ne. Wasu suka tura masa hoton dariya. Bayan kwana kaɗan Mubarak ya kawo shawara a gaban kwamiti cewa a mayar da sunan wasan na Emeka, tun da shi ya fi kowa maki a tarihin ƙungiyar, kuma yana raye, a karrama shi ya gani da idonsa.

Dole in faɗi wata gaskiya a kan mutanen da suke gefena. Da musu ya yi zafi, Malam Tanimu ya rantse cewa ya sha ganin Katanga ya yi tsalle ya rataya a ƙarfen kwando. Wani ya ce shi ya ci wa ƙungiya wasa da jifa daga tsakiyar fili. Babu ɗaya da ya faru. Ishaya bai taɓa taɓa ƙarfen nan ba sai da tsani, ranar da ya hau gyara allon da iska ta karkatar. Masu ƙaunarsa sun fi masu lissafi yi masa ɓarna, domin duk ƙaryar da suka ƙara, sai yaran su ƙara tabbata cewa babu gaskiya a ƙarƙashinta. Tsufa ba hujja ba ne. Abin da na gani shi kaɗai zan faɗa.

A wannan wasa, ɗan wasan da ya yi laifi biyar fitar da shi ake yi, ba ya komawa. A zamaninsu sau da yawa alƙalin wasa ɗaya ne tak, yana gudu daga wannan kwando zuwa wancan. In aka cunkushe a ƙarƙashin kwando, yakan ji ƙarar duka, ya ga mutum ya faɗi, amma bai ga hannun wa ba ne. Sai ya hura usur ya dubi wanda zai ɗaga hannu, domin al'adar ita ce mai laifi ya ɗaga hannu ya amsa laifinsa. Masu tebur kuma lambar wanda ya ɗaga suke rubutawa. Shi Emeka, duk da daɗin hannunsa a jifa, ba ya iya tsare mutum ba tare da ya kai masa duka ba. Da an bar masa laifukansa, da rabin wasanni a benci zai ƙarasa su. To, Ishaya ne yake ɗagawa. Usur na tashi hannunsa na sama, tun Emeka bai gama juyowa ba. Ba Emeka kaɗai ba, duk wanda ƙungiya ba za ta iya jure rashinsa a ranar ba. Wannan ba asiri ba ne. 'Yan kallon Samaru duk sun sani, har sukan riga alƙali yanke hukunci, suna cewa, "Na Katanga ne, na Katanga ne."

Akwai ranar da wata ƙungiya ta zo daga Kaduna. Tun wasa bai yi nisa ba Emeka ya tara laifi huɗu, Ishaya ma huɗu, biyu daga ciki ba nasa ba. Ana cikin ɗauki ba daɗi, Emeka ya make wa wani hannu, har inda nake zaune na ji ƙarar. Alƙali yana bayansu, bai ga komai ba sai gadon baya. Ya hura. Wanda aka doka yana nuna Emeka, Ishaya kuwa yana tsaye da ɗan tazara, hannu a sama.

"Kai Katanga," in ji alƙali, "daga can ka doke shi?"

"Ranka ya daɗe, tun ɗazu na doke shi, yanzu ne ya ji zafin."

Kocin Kaduna ya yi ta masifa, amma alƙali ba ya hukunta abin da bai gani ba alhali ga mai amsa laifi. Ya nuna wa tebur lambar Ishaya. Na biyar ke nan. Ya fito ya zauna a kan kular da nake zuba kayan sayarwata, ya buɗe zoɓo ɗaya, ya ci gaba da ba su umarni daga waje har muryarsa ta dushe. Emeka ya jefa ƙwallayen ƙarshe, aka ci wasan, aka ɗauke shi a kafaɗa. Takardar ranar tana cikin jakar nan. Abin da ta ce shi ne Emeka ya yi ruwan maki, Ishaya an kore shi. Ba ta yi ƙarya ba, abin da aka gaya mata ta rubuta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai ita wannan kurar da kanta take miƙa baya.

Wani zai ce ai wannan ha'inci ne. Ban musa ba. Fastonmu na lokacin ya taɓa kiransa bayan sujada ya ce masa amsa laifin da ba naka ba shi ma shaidar zur ce. Ishaya ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Baba Fasto, na ji. Amma in za a hukunta ni, a haɗa da alƙalan da suka zo su kaɗai." Mahaifiyarmu ba ta taɓa son abin ba. Takan ce wanda ya saba ɗaukar kayan wani, wata rana ba zai san nasa ba. Ba waliyyi nake so a ce masa ba. In za a kama shi da laifi, a kama shi da wanda ya yi, wato ya yaudari alƙalai don ƙungiyarsa. Amma mahauci, mai karya yaran mutane, wannan ba ƙanena ba ne. Mutumin da ake kora daga fili, 'yan ɗaya ƙungiyar su zo su zauna da shi su sha kunu bayan wasa, ba mugu ba ne.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda wasan ya koma. Yau kowane ɗan kallo waya ce a hannunsa, ana ɗaukar komai, a maimaita a hankali har a ga yatsan da ya taɓa wani. Dabararsa ba za ta yi kwana ɗaya a filin yau ba, kuma shi zai fara faɗa. Ba na jin zai yi fushi da masu lissafi. Kafinta ne, mutum ne mai girmama awo, ba ya yanka katako da ido. Ina ganin da zai jawo kujera kusa da Rifkatu ya ce ta nuna masa yadda ake yi, ya yi ta alfahari a kasuwar katako cewa 'yarsa ce. In ya ga sunansa a ƙasan layi zai yi dariya ya ce awon daidai ne, katakon wani aka auna. Sannan, na san shi, zai ce mini, "Yaya, bar musu. A ba Emeka, me aka yi aka yi suna?" A nan ne ni da shi za mu raba hanya. Shi ya zaɓi ya ɗauka yana raye, a gaban mutanen da suka san dalili. Bai zaɓi a karanta wa 'yarsa shi a matsayin halinsa ba.

Na ba Rifkatu wannan labari duka. Ta saurara, idonta ya kawo ruwa, amma ba ta sauka daga kan bakanta ba.

"Gwaggo, kowa mahaifinsa gwarzo ne in ya mutu. Ke 'yar'uwarsa ce. Baba Tanimu kuma kin ji abin da yake faɗa. In na ce musu haka, za su ce na ga abin bai yi mini daɗi ba ne na koma tatsuniya."

Ta yi ƙoƙari ta hanyar da ta iya. Ta so ta ware wasannin da ya buga da waɗanda bai buga ba, ta ga ko ƙungiyar ta fi cin nasara in yana ciki. Amma ruwa ya shiga jakar, gara ta ci wasu, wasu takardun lamba kawai aka rubuta babu suna, alhali a lokacin musayar riga suke yi. Lissafin bai ce e ba, bai ce a'a ba. Daga ƙarshe ta ce shaidar da za ta karɓa ita ce ta wanda zai yi asara in ya faɗa. Mutum ɗaya ne ke nan, kuma tun da aka fara musun bai tofa komai a zauren ba.

Muka same shi a shagonsa na kayan lantarki a unguwar PZ. Emeka ya yi furfura, yana ɗan jan ƙafa, gwiwar da ya yi tsalle da ita ta fara karɓar hakkinta. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya buɗe firij da kansa ya kawo mana lemo. Ya dubi Rifkatu ya ce goshin Katanga ne sak. Bayan gaisuwa ita ta yi tambayar, ba ni ba.

"Kawu Emeka, da gaske ne Baba yana ɗaukar laifinka a fili?"

Ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. "Wasa ne, 'yata, kowa yana rufa wa kowa. Sau ɗaya ko biyu, wataƙila. An daɗe."

"Sau ɗaya ko biyu," na ce.

"Yaya Saratu, abeg. Ni ban roƙi kowa ya sa sunana ba."

"Ba ka roƙa ba. Ka ƙi?"

Ya juya yana kallon titi, masu keke napep suna ta wucewa. Da ya sake magana muryarsa ta sauka. Ya ce 'ya'yansa ba su taɓa ganin ya riƙe ƙwallo ba, a wurinsu shi mai sayar da waya da ƙwan fitila ne kawai. "Ni ma na buga, Yaya. Ƙwallon da na jefa, ni na jefa ta. Babu wanda ya riƙe mini hannu."

Wannan gaskiya ce, kuma na faɗa masa. Ishaya bai taɓa jefa masa ko ɗaya ba. Abin da ya yi shi ne ya bar shi a cikin fili har ya jefa. Ban zo ƙwace masa makinsa ba, kalma ɗaya na zo nema a gaban yarinya, aka ba ni rabi. Muka bar masa lemon ba mu shanye ba. A hanya Rifkatu ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Abin da ta ce kawai, "Bai kalle ni ba da yake ba da amsa."

Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga majami'a, kwamiti ya kira taro a bakin filin don a jefa ƙuri'a. An cika, tsofaffi a benci, matasa a tsaye. Emeka ma ya zo, ya zauna daga can ƙarshe. Mubarak yaro ne mai ladabi, ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Ya ce don kada a ɓata wa iyali rai, sun samo mafita. Babban kofi zai ɗauki sunan Emeka, sannan a ƙirƙiro wata 'yar kyauta da sunan Katanga, a riƙa ba yaron da ya fi nuna ƙoƙari ko da bai iya ba. Wasu suka yi tafi. Shi a ganinsa alheri ya yi.

Na miƙe. Ban saba magana a taron maza ba. Na ce musu sunan nan mahaifinmu ne ya ba da shi aro, ga mutanen da suka san abin da suke aro. Yau na zo karɓa. Kada a sa shi a babban kofi, kada a sa shi a ƙarami. Su sa sunan duk wanda suka ga dama, Allah ya ba da sa'a.

Malam Tanimu ya tashi har hularsa tana faɗuwa. "Saratu, kada ki yi mana haka. Wallahi mun fi su yawa, da mun ci ƙuri'ar nan."

"In kun ci bana, baɗi fa? Kuna raguwa, suna ƙaruwa. Ba zan bar shi a faifai ana taya shi duk shekara kamar tumatir ba."

Mubarak ya ce, da girmamawa, ko za a ji ta bakin 'yarsa, tun da ita ce magajiya. Daidai ne, domin ban yi shawara da ita ba. Rifkatu ta miƙe. Sannan ta ce, "Lissafina yana nan yadda yake, ban janye ko layi ɗaya ba. Amma ni ma ba na so a jefa ƙuri'a a kan mahaifina." Na dubi ƙarshen benci. Emeka yana murza makullin motarsa a hannu. Na ba shi lokaci, Allah ne shaida, na tsaya har shirun ya yi nauyi. Bai tashi ba. Muka fita.

Saboda haka bana za a buga wasan babu sunan Ishaya a kan ƙyallen da ake ratayawa, mai lasifika kuma ba zai ce a yi shiru don tunawa da shi ba. Wannan asara ce, ba zan ce ba ta yi mini zafi ba. Da hannuna na sauke abin da na fi jira a shekara. In Ishaya yana gani, zai ce ga shi na bar musu kamar yadda zai so. Na bar musu, amma ba da bakina a rufe ba, kuma ba don na yarda da hukuncinsu ba.

Ga matasan, ba ni da gaba da ku. Ku ci gaba da ƙirge, ku ƙirga da kyau, zamaninku ne, kuma na ga amfaninsa, domin ya hana tsofaffi irinmu ƙara gishiri yadda muka ga dama. Amma takarda ba ta zuwa fili da ƙafarta. Mutum ne ya zauna ya rubuta ta, yana rubuta abin da wani mutum ya nuna masa da yatsa, shi kuma yana gudu yana haki bai ga rabin abin ba. Kafin ku kira mamaci mahauci, ku tambayi wa ya riƙe biron, kuma me aka hana shi gani. Ga Emeka, ban ɗauke ka maƙiyi ba. Tare kuka ci tuwo a akushi ɗaya a ɗakin mahaifiyarmu. Ka karɓi kofin, ka nuna wa 'ya'yanka, ka cancanci a tuna da hannunka. Sauran maganar tana wurinka, kai ka san ranar da za ta yi maka nauyi.

Me ya rage na Ishaya ke nan? Ba maki, ba kofi, ba hoton bidiyo ko na minti ɗaya. Kujeru da ƙofofin da ya yi suna nan a gidajen Jushi, masu su da yawa ba su san wa ya yi ba, kuma ba su karye ba. Akwai 'ya da ta gwammace ta ji ciwo da ta ɓoye abin da ta gano, wadda har yau ba ta ce mini ta gamsu ba, ni kuma na daina matsa mata, domin ba ta gani ba, kuma ba laifinta ba ne da aka haife ta a makare. Akwai kuma mu da muka gani, muna ta raguwa.

Ranar wasan zan je. Zan zauna a gefen tebur inda na saba, in kalli yaran, in yi wa wanda ya ci tafi. Duk wanda ya tambaye ni wane ne Katanga, zan gaya masa, ba ƙari ba ragi, har da jifansa da ba ya shiga. In ya ce in kawo hujja, zan ce masa ya dube ni da kyau. Ina wurin, idona biyu, kuma ban mutu ba tukuna.